Tsaron kwamfuta da koyon yaren waje: sabon shiga, ba sai ka ajiye ɗaya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar ta sabbin shiga ce, irin wanda yake sha'awar harkar tsaron kwamfuta kuma a gefe guda ransa na son ya iya wani yaren waje, Rashanci ne ko Faransanci ko Sinanci, sai ya tsaya ruwan ido wai wanne zan kama wanne zan saki. Ni dai a ganina ba sai ka saki ko ɗaya ba, don a wannan harkar yare shima kayan aiki ne.

Mu fara da WannaCry, watan Mayun 2017. Manhajar garkuwa ce, in ta shiga kwamfutarka sai ta kulle duk fayilolinka tace sai ka biya fansa dala 300 da bitcoin, ta kama kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila sai da suka dinga ɗage ganin marasa lafiya. To takardar neman fansar da take fitowa a allo an rubuta ta ne da yare 28. Sai masu bincike na kamfanin Flashpoint suka bar lambobin manhajar suka zauna suna karanta takardun nan ɗaya bayan ɗaya, suka gano kusan dukkansu Google Translate ne ya juyo su daga Turanci, shi Turancin mutum ne ya rubuta amma da gani ba yaren uwarsa bane, na Sinanci kuwa ya fi sauran tsawo kuma hannun wanda ya iya yaren sosai ne. Kaga nan ba wani kodin akayi ba, karatu ne kawai. Daga baya a Disambar shekarar Amurka da Birtaniya suka ɗora laifin kan Koriya ta Arewa, wato yare yana nuna maka hanya ne amma shi kaɗai bai isa hujja ba.

Su ma ɓarayin sun san ana duba wannan. A farkon 2017 ɗin da aka yiwa bankunan Folan kutse, an samu kalmomin Rashanci birjik a cikin manhajar don ace Rashawa ne, amma da masu binciken kamfanin BAE Systems suka duba sai suka ga ai ba Barashen da zai yi magana haka, kalmomi ne aka kwaso daga manhajar fassara aka manna, zargi ya koma kan Lazarus, ƙungiyar masu kutse da ake dangantawa da Koriya ta Arewa. Wanda bai iya yaren ba wallahi da ya hau kai ya zauna.

Akwai kuma manhajojin garkuwa da kafin su taɓa komai sai sun duba da wane yare aka saita kwamfutar, in Rashanci ne ko yaren wasu ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat sai su fita salin alin, don masu su basa son rigima da hukumar gida. DarkSide haka take, ita ce ta tsayar da bututun man Colonial Pipeline a Mayun 2021 har aka yi layin mai a Amurka, eh Amurka fa da layin mai, kamfanin ya biya wajen dala miliyan 4.4. Amma don Allah kar wani yaje ya saka kibod ɗin Rashanci yace ya gama tsaro.

Wanda yafi burge ni shine na Conti, wata ƙungiyar masu manhajar garkuwa. Fabrairun 2022 da Rasha ta shiga Yukren sai wannan ƙungiyar ta fito tace tana bayan Rasha, ba a jima ba wani mai goyon bayan Yukren ya watso hirarrakinsu na cikin gida, saƙo sama da 60,000 duk da Rashanci, ana ganin yadda suke ɗaukar ma'aikata da biyan albashi da ƙorafin oga kamar wani kamfani. Kowa ya ruga ya zuba a manhajar fassara, amma hirar cike take da zaurance da gajarce kalma da ashar, fassarar ta dinga fitowa a hargitse, waɗanda suka iya Rashancin titi su suka ci kasuwar.

Kar kuma ace duk can nesa ne. Kamfanin Group-IB ya fitar da rahoto a 2022 kan wata ƙungiya mai amfani da Faransanci da aka sa wa suna OPERA1ER, daga 2018 zuwa 2022 sun sace aƙalla dala miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin waya, yawanci a Afirka, Nijar da Kamaru da Najeriya duk suna cikin jerin, kuma imel ɗin yaudarar da suke turawa ma'aikatan banki da Faransanci ne. An kama wanda ake zargin babba ne a cikinsu a Kodebuwa a 2023. To ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Garwa da ya taso da Faransanci a makaranta ya riga ya sha gaban mu a nan.

Hausar taka ma fa kar ka raina ta. Waya ce zata yi ƙara, murya a natse, "Salamu alaikum Hajiya, daga banki ne, an samu matsala a BVN ɗinki za'a rufe asusun yau, yanzu zaki ga lamba shida ta shigo wayarki, karanto min in gyara miki." Ba wata manhaja da yayi amfani da ita, ladabi ne da gaggawa da kiran ta Hajiya. Wanda zai zauna ya fahimtar da iyayenmu cewa banki baya tambayar wannan lambar ko ta katin cire kuɗi, da Hausar da zasu gane, aikin tsaro yake yi.

To ta ina za'a fara? Gaskiya ɗaya ce, Turanci ne farko, ba na iyayi ba, na karatu, don bayanin manhajoji da saƙon kuskure da rahotanni yawanci da shi suke fitowa. Sai Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows. Ka sauke VirtualBox, manhaja ce da take buɗe maka kamar wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, kyauta ne, ka saka Linux a ciki, in ka ɓata ka goge ka sake. Mutane na son tsallakawa su tafi Kali Linux, wato Linux ɗin masu gwajin kutse, kai tsaye saboda ana ganin sa a bidiyo da baƙin allo, alhali basu san yadda ake shiga folda ba. Ka je wasan Bandit na shafin OverTheWire, matakin farko ba komai bane illa ka shiga sabarsu ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa da rubuta umarni, ka rubuta ls ka ga fayil mai suna readme, ka rubuta cat readme, kalmar sirrin mataki na gaba ta fito. Haka zaka dinga hawa kana koyon umarni ɗaya bayan ɗaya, ko a wayar Android ana yi da Termux, manhajar rubuta umarnin Linux a waya. Daga nan ka koyi menene IP, menene DNS, ka buɗe Wireshark ka kalli abinda kwamfutarka ke aikawa, sannan shafukan atisaye irin su picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon da TryHackMe, sai ɗan Python, yaren rubuta manhaja.

Yaren waje kuma ɗaya zaka ɗauka, ɗaya tak, kuma ka san nauyin sa tun farko. Makarantar koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta wa mai jin Turanci awa 600 zuwa 750 a Faransanci, Rashanci wajen 1,100, Sinanci da Larabci da Koriyanci 2,200. In ka yi Islamiyya mai ƙarfi to lissafin Larabcin ka daban ne. In aikin banki ko kamfanin waya kake hange a yankinmu, Faransanci. In bin diddigin ƙungiyoyin garkuwa ne ke ranka, Rashanci, haruffansa 33 ne kuma sune mafi sauƙin ɓangaren, nahawun ne zai sa ka gumi.

Dabarar ita ce ka haɗa su waje ɗaya don lokaci baya isa. Mai koyon Faransanci ya yi atisayen sa a Root-Me, shafin koyon kutse ne na Faransawa, ya dinga karanta sanarwar CERT-FR, cibiyar gwamnatin Faransa mai gargaɗi kan kutse, kalmar da bai sani ba ya jefa ta a Anki, manhajar haddar kalmomi, ya maimaita kullum ko minti 15 ne. Ka mayar da wayarka yaren, kwana biyu zaka sha wahala sannan ido ya saba.

Sai kashedi, kuma da gaske nake. Duk abinda ka koya a kwamfutarka zaka gwada ko a shafukan da aka gina don atisaye. Wayfay ɗin maƙwabci, shafin makarantarku, asusun Facebook na budurwa, duk shiga ba izini laifi ne, a Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yiwa gyara a 2024, Nijar ma tana da tata tun 2019, kuma "gwadawa nake" baya fitar da mutum. Haka in Rashancinka ya fara nuna kar zumuɗi ya kai ka zaurukan ɓarayin kana sauke fayil, sabon shiga suke jira, rahotannin masu bincike sun ishe ka a yanzu.

A bidiyo na gaba zamu saka Linux a VirtualBox tare daga farko har ƙarshe, mai kwamfuta ya tanadi fili kamar giga 25, in RAM ɗinka 8 ne madalla, 4 ma zamu lallaɓa. Mai waya kaɗai kuma ya sauke Termux ya jira mu. Sai mun haɗu.