Darasin gita: lambar da ke gefen noti yatsa ce, ba gida ba

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka daga nan Yamai. Kowa ya ɗauko gitarsa ya buɗe takardar kiɗa, wadda muke ce ma partisiyon. Yau ƙananan alamomin da ke kewaye da noti za mu duba.

Mu fara da hannun hagu, mai danna tsirkiya. In kun ga lamba tsirara a gefen noti, yatsa take nufi: 1 manuniya, 2 na tsakiya, 3 na zobe, 4 ƙaramin yatsa. Sifili kuwa, a saki tsirkiyar ta yi kuka da kanta. Babban yatsa ba shi da lamba, yana can bayan wuyan gita. Wanda ya taɓa piyano a coci ko a makaranta ya kiyaye, can babban yatsa ne 1.

To ga inda mutane ke faɗawa. Da yawanku da tabulatir kuka fara a waya, inda lamba take nufin gida, wato tsakanin ƙarafunan nan na wuyan gita. Abin da ke ɓoye kuskuren shi ne, a farkon wuya lissafin biyu yakan zo ɗaya. Ku dubi hannuna. Notin do a tsirkiya ta biyar (in an ƙirga daga siririya), gida na uku, yatsa na 3. Mi a ta huɗu, gida na biyu, yatsa na 2. Sai mutum ya yi wata da watanni yana karatu ba daidai ba, sauti kuma yana fita daidai.

Ranar da asiri ke tonuwa ita ce ranar da kuka ga lambar Romawa a saman layi. Ga V nan. Tana cewa a kai manuniya gida na biyar, sauran yatsu su jeru a bayanta. Yanzu 4 a tsirkiya ta farko ta zama gida na takwas, do ke nan. Wanda ya je gida na huɗu zai fitar da sol diyez. Ku saurara... kun ji bambancin, ko?

In aka sa C ko B gaban lambar Romawa, kamar CIII, bare ake nufi: manuniya ta kwanta a kan tsirkiyoyi a gida na uku. In da ½ a gaba, rabi kawai, galibi sirara uku.

Lamba cikin da'ira kuma tsirkiya ce, daga 1 siririya zuwa 6 mai kauri. Me ya sa ake rubuta ta? Don mi guda ɗaya tana wuri uku a kusa: ta farko a sake, ta biyu gida na biyar, ta uku gida na tara. Noti ɗaya, amma murya daban. Ta farko tana da kaifi, ta uku tana da taushi, kuma a ganina a waƙa mai sanyi ta biyu ta fi daɗi.

Hannun dama haruffa ne, daga Sifaniyanci: p babban yatsa, i manuniya, m na tsakiya, a na zobe. Bisa al'ada p ke riƙe da masu kauri uku, i ta uku, m ta biyu, a ta farko. In kun ga i m i m, ku riƙa canzawa kamar ƙafafu a tafiya, kada yatsa ɗaya ya buga sau biyu a jere. Masu gurumi, wannan zai ɗan ba ku wuya da farko, ku yi haƙuri.

Aikin gida: layi biyu na farko na takardarku. Kafin ku buga kowace noti, ku faɗa da baki, tsirkiya ta nawa, gida na nawa, wane yatsa. A hankali ƙwarai. Sai darasi na gaba, in Allah ya kai mu.