Laccar da aka yi wa matasa a Katsina kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya can kuna ji na ko? To madalla.

Wannan ɗan koren allon da ke hannuna, bari ya zagaya ku gani amma don Allah a riƙe shi ta gefe, kwamfuta ce sukutum, sunanta Raspberry Pi, girmanta bai wuce katin ATM da wani abin kirki ba. A Cambridge ta Ingila Eben Upton da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta, ta shigo kasuwa a Fabrairun 2012 kan dala 35, niyyarsu yara su samu abin koyo mai arha wanda ko sun ƙona shi ba za a yi rigima a gida ba. Memori kad irin na waya ake sa mata, a ciki manhajarta take, dangin Linux ce, ka jona ta da talabijin ka sa kibod shikenan ta tashi.

Amma ni ba don wannan na kawo ta ba, in dai kallo ne da catin wayar aljihunka ta ishe ka. Ku dubi 'yan ƙusoshin nan da ke jere a gefe, guda 40 ne, GPIO ake ce musu, ta nan take jin abin da ke faruwa a waje kuma ta nan take kunna abu ta kashe.

Mu ɗauki tankin ruwa, tunda ba unguwar da za ka shiga daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa ba ka ga tanki na ambaliya ba, an kunna sumo an tafi masallaci ko an yi barci, ruwan da maƙwabta ke saye a wajen 'yan garuwa yana malala a kwata. Akwai wata 'yar sensa, wato na'urar awo, HC-SR04, kana maƙala ta a murfin tanki tana kallon ƙasa, sai ta tura sauti wanda kunnen mutum ba ya ji, ya bugi ruwa ya dawo. Sauti na tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa ɗaya, to ka auna lokacin da ya yi, ka ninka da 343, ka raba biyu saboda zuwa da dawowa ya yi, ka samu nisan ruwa daga murfi. In tanki ya cika sai kwamfutar ta kashe sumo. Layi kaɗan ne a Python, yaren da ake rubuta mata umarni da shi. Sai dai ita wannan sensar ba ta son laima, tururin tanki zai cinye ta, ku nemi JSN-SR04T, ita aka yi don ruwa.

Nan ne mutane ke asara, ku saurara da kyau. Ƙusoshin nan bolt 3.3 suke ɗauka, ita kuma sensar bolt 5 take maidowa, in ka jona kai tsaye kana iya ƙona allon gaba ɗaya, resista biyu kacal za ka sa a tsakani su rage ƙarfin. Sannan sumo wutar gida yake ci, bolt 230. Ɗan rilen nan shuɗi da ake sayarwa, wato makunnin da kwamfutar ke kunnawa da kanta, an rubuta 10A a jikinsa, kar rubutun ya ruɗe ku, fanfo yana fizgar wuta sosai lokacin tashi. Bari rilen ya kunna kontakta, babban makunni mai ɗaukar wuta mai ƙarfi, ita kontaktar ta ɗauki sumo, kuma wannan ɓangaren mai gyaran wuta za ka kira, wallahi ba wajen gwaji ba ne.

Yawancin bidiyon da kuke kallo a YouTube a ƙasashen da ba a ɗauke wuta aka yi su. Mu nan kwamfutar tana cikin rubutu a memori kad sai fit, an ɗauke, a dawo da wuta ta ƙi tashi don kad ɗin ya rikice. Saboda haka a ba ta batirin sola mai bolt 12 da ɗan abin da ke sauko da shi zuwa 5. Samfurin Pi 4 amp 3 take so, caja mai arha ta bakin titi ba za ta riƙe ta ba. Ga zafi, in ta kai digiri 80 da kanta take rage gudu, ku tuna yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu, a sa mata ɗan fanka. Ƙurar hunturu kuma a rufe ta a akwati mai 'yan ƙofofin iska.

In kuna son gaskiyata ma, aikin tanki bai kai a sayi babbar ba. Ƙanwarta Pico da ta fito a 2021 kan dala 4 ta fi dacewa, ba kad a jikinta balle ya lalace, wuta na dawowa take ci gaba da aiki. Babbar a bar ta wa aikin kamara a ƙofar shago ko tura saƙo waya.

Na'am ɗan'uwa, ɗaga murya. Yana tambaya ko za ta yi injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ƙwarai kuwa, Malam. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, zafin wajen digiri 37.5, sai ka sa sensar DHT22 tana auna zafi da laima, in ya sauka rile ya kunna ƙwan fitila in ya hau ya kashe, ɗan injin lantarki kuma yana juya tiren har kwana na 18 sannan a daina juyi. Amma ka rataye ma'aunin zafi na hannu a ciki kana dubawa, don sensar kan yi kuskuren rabin digiri, kuma ka bar injin ya kwana biyu yana aiki ba komai a ciki kafin ka zuba ƙwan Hajiya. Sai tambaya ta gaba, 'yar'uwa ta can gefe.