Me Ya Sa Fayil Ke Karyewa Cikin Haƙori, Kuma Yaya Za Mu Kauce Masa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku kalli ɗan abin nan da na ɗora a kan yatsana, da ƙyar ma kyamara take kama shi, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Bakin fayil ne, kuma daga cikin saiwar haƙorin wata baiwar Allah aka ciro shi, bayan an ɗau fiye da awa ɗaya ana fama, ita baki buɗe mu kuma gumi. Yau a kansa za mu yi magana, musamman ku ɗalibai da sabbin likitocin haƙori, amma kai ma da aka ce maka za a yi maka rut kanal tsaya ka ji, zai amfane ka.

Ga wanda bai sani ba, kowane haƙori yana da ɗan ɗaki a tsakiyarsa da siraran hanyoyi da suka gangara cikin saiwa, nan jijiya da hanyoyin jini suke. In ruɓa ta ci ta kai can sai ciwon nan da ke hana barci ya taso, to maimakon a cire haƙorin sai a buɗe shi a kwashe jijiyar da ta lalace, a faɗaɗa hanyar, a wanke, a cike, wannan aikin shi ne rut kanal. Abin da ake faɗaɗa hanyar da shi shi muke cewa fayil, ga shi nan kamar allura mai murɗaɗɗen jiki. Launin kansa shi ke gaya maka lambarsa, shunayya lamba 10, fari 15, rawaya 20, ja 25, shuɗi 30. Lamba 10 ɗin nan kaurin bakinsa milimita 0.10 ne, wato kusan silin gashin kai, ku duba fa da abin da muke aiki a cikin ramin da ido ba ya gani.

Fayil iri biyu ne a hannunmu. Akwai na ƙarfen sitil da ake juyawa da yatsu, akwai kuma na nikel da taitaniyom wanda ake sa wa a inji, shi ne ake ce wa NiTi. Wannan ƙarfen wani masani William Buehler ne da abokan aikinsa suka samar da shi a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka wajen farkon shekarun 1960, ba ma don haƙori aka yi shi ba, sai a 1988 Walia da abokansa suka fitar da bincike kan yin fayil da shi. Gaskiya ya sauƙaƙa mana aiki sosai don yana lanƙwasa ya bi kwanar saiwa ya dawo daidai, amma yana da hali guda da nake so ku riƙe. Na sitil in ya gaji yakan nuna maka, za ka ga murɗinsa ya warware ko ya yi wani ƙyalli a wuri ɗaya, shi kuwa NiTi sau da yawa lafiya lau za ka gan shi, ka sa shi a haƙori, ka ji ɗan ƙas, ka fito da shi ka ga ya rage tsawo.

Hanya biyu ce yake karyewa. Ta farko kamar mukulli ne da ya maƙale a tsohon kwaɗo, bakinsa ya cije a ciki kai kuma kana ta murɗa kansa da ƙarfi, ƙarshe rabi a hannunka rabi a kwaɗo. Haka fayil yake yi in bakinsa ya cije a matsattsiyar hanya inji kuma yana ci gaba da juya jikinsa, kuma ƙananan fayil su wannan ya fi kamawa. Ta biyu kuwa ku tuna wayar da yara ke yin mota da ita, in ba su da abin yanka sai su yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya har ta yi zafi ta tsinke. To fayil da ke juyi a cikin kwana abin da ke faruwa da shi kenan, ɓangaren ciki na matsewa na waje na miƙewa, rabin juyi sai su yi musanya, in inji na juyi 300 a minti ku lissafa sau nawa aka lanƙwasa shi a wuri guda. Wannan ko bai cije ko'ina ba zai karye, gajiya ce kawai, kuma masu kauri su suka fi saurin gajiya a kwana.

Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni, kuma har yau ina tuna ranar. La'asar ta yi, layi na jira a waje, wata uwa ce da turminta na ƙasa, haƙori na farko cikin manyan nan na baya, ɗanta na goye yana hannun ƙanwarta a bakin ƙofa yana kuka. Na sa lamba 10 na ji ya ɗan yi tauri bai kai ƙarshe ba, maimakon in tsaya in bi shi a hankali sai na ce bari inji ya ƙarasa min. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba na ji ƙas ɗin nan. Na auna fayil ɗin a kan rula, milimita 25 ya koma 22. Jikina ya yi sanyi, don na san ba fayil ne ya yi laifi ba, hannuna ne ya yi sauri, kuma ita ce za ta ƙara zuwa sau biyu saboda minti biyar da na so in rage.

Shi ya sa in ka tambaye ni abu ɗaya da ya fi komai, zan ce maka share hanya da hannu kafin inji ya shiga. Fayil ɗin inji ba a yi shi don ya nemo hanya ba, an yi shi don ya faɗaɗa wadda ka riga ka buɗe. Ɗauki lamba 10 na sitil, in hanyar ta matse sosai koma 8 ko 6, ka ɗan lanƙwasa bakinsa kaɗan ya yi kama da kwanar da ka gani a hoto, ka shiga da ɗan juyi dama da hagu kamar mai ɗaure agogon hannu irin na da, ba dannawa, ka fito ka wanke ka koma. Kana kaiwa ƙarshe ka tabbatar da tsawon da na'urar auna saiwa ko da hoton eksire, sannan ka yi wannan gwajin, ku kalli hannuna, ja baya milimita 1 ka mayar, ja baya 2 ka mayar, ja baya 3 ko 4 ka mayar, in yana zamewa ya koma da kansa ba tare da ka tura ba to hanya ta samu. In yana tuntuɓe ba ka gama ba, ko da mutum ashirin ne a layi. Da yawa ma sukan kai lamba 15 kafin su ɗauki inji, kuma ina tare da su a haƙoran baya.

Amma tun kafin nan akwai hoto da kuma yadda ka buɗe haƙorin. Ka zauna ka kalli eksire da kyau, ina kwanar take, a hankali ta lanƙwasa ko kuwa farat ɗaya ta karya a ƙasa, don gajeriyar kwana mai kaifi ta fi doguwa cin fayil. Kuma ka tuna hoton gefe ɗaya yake nuna maka, saiwar da ta lanƙwasa ta wajen kunci ko ta wajen harshe a miƙe za ka gan ta, shi ya sa ɗaukar hoto na biyu a ɗan karkace yake da amfani. Hanyoyin saiwar gaba ta turamen ƙasa da saiwar gaba ta wajen kunci a turamen sama, nan ne fayil ya fi karyewa, kuma yawanci can ƙasa kusa da ƙarshe. Sannan ƙofar da ka buɗe, in ta yi ƙanƙanta fayil zai lanƙwasa tun daga sama kafin ma ya tarar da kwanar gaske, ka ga kwana biyu kenan ka haɗa masa. Ka cire ɗan leɓen nan da ke rufe bakin hanyar, ka buɗe kashi ɗaya cikin uku na sama tukuna, fayil ya shiga a miƙe.

Kada ka taɓa aiki a busasshiyar hanya. Ruwan wankin da muke sawa sodiyom haipokulorait ne, dangin bilicin wanki ne amma an tsinka shi bisa ƙa'ida, shi ya sa dole a sa robar nan da ke keɓe haƙorin don kar ya taɓa baki, ita ce ma ke hana fayil faɗawa maƙogwaro. Akwai kuma EDTA mai kashi 17 cikin 100, shi ma ruwan wanki ne da ke cire garin da ya manne a bangon hanyar. Bayan kowane fayil ka wanke, ka mayar da lamba 10 ya motsa garin da ya taru, ka sake wankewa.

Wajen inji kuma kowane kamfani ya rubuta gudu da ƙarfin murɗa na fayil ɗinsa a jikin kwali, yawanci tsakanin juyi 250 zuwa 350 a minti amma wasu sun wuce haka, karanta ka saita, kada ka ce saitin jiya ya isa. Injin kirki in ya ji fayil ya cije sai ya tsaya ya juya baya da kansa, in ya yi maka haka kar ka sake dannawa, fito ka duba dalili. Hannu ya zama mara nauyi kamar kana rubutu da fensir mai tsini ba ka so bakinsa ya karye, shiga kaɗan fito kaɗan, sau uku ka cire shi gaba ɗaya ka goge da gozi, don in gari ya cika ramukan jikinsa ya daina yanka sai gurza. Kuma kar ka bar shi yana juyi a wuri ɗaya cikin kwana, ya taɓa ƙarshe ya fito, shikenan. Fayil ɗin H kuwa, wato Hedstrom, wani nau'in fayil na hannu, ja kawai ake yi da shi, in ka murɗa shi ya kama bango karyewa zai yi. Yanzu akwai masu juyin gaba da baya irin su Reciproc da WaveOne, tunanin da Ghassan Yared ya gabatar a 2008, da kuma waɗanda aka gasa ƙarfensu suka zama ruwan gwal ko shuɗi, sun fi jure kwana ba shakka, amma su ma suna karyewa in ba a share musu hanya ba.

Sai maganar da ta fi mana zafi a nan gida, maimaita fayil. Kayan nan daga waje suke zuwa, dala ta tashi su tashi, mara lafiya kuma da ƙyar ya haɗa kuɗin aikin, na san wannan sarai. A Ingila tun 2007 hukumar lafiyarsu ta ce fayil mutum ɗaya za a yi wa aiki da shi, su dalilinsu tsoron yaɗa cutar ƙwaƙwalwar nan mai alaƙa da haukan shanu ne, amma ya rage musu matsalar gajiyar ƙarfe. In halin da kake ciki ya sa dole ka maimaita, to aƙalla ka ƙirga, kuma hanyoyi za ka ƙirga ba mutane ba, don turmi ɗaya hanya uku ko huɗu ne. Ka yi alama duk sanda aka dafa shi a tukunyar tururi, ka duba shi da gilashin ƙara girma a ƙarƙashin fitila kafin ya shiga da bayan ya fito, wanda ya yi aiki a kwana mai tsanani ko ya taɓa cijewa jefar da shi ko sabo ne, ƙananan nan 6 da 8 da 10 kuwa kar ma ka yi tunanin ajiye su. Kuma don Allah a kula da inda ake saye, jabu sun yi yawa, kwali iri ɗaya amma ƙarfen ba shi ba ne.

To in duk da haka ya karye fa? Tsaya, kar ka bi shi da wani fayil ɗin inji. Ɗauki hoto ka ga inda yake, ka gaya wa mara lafiya a ranar, da bakinka, ka rubuta a katinsa. Ni haka na yi da uwar nan, na ce mata Hajiya ɗan bakin abin aikina ya tsinke a cikin saiwar, ga shi a hoto, ba zai bi jini ya tafi ko'ina ba, ga abin da za mu yi. Ɓoyewa ita ce ke ɓata amana, kuma gobe wani likitan zai gani a eksire. In guntun yana sama kafin kwana ana iya girgiza shi ya fito da na'urar oltrasonik a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girma, in ba ka da kayan tura shi wurin ƙwararre. In ya yi ƙasa ana gwada ratsawa ta gefensa da lamba 8 ko 10, in ya ƙi kuma cire shi zai sa ka cinye naman saiwar har ta huje, to gara a wanke iya inda aka kai a cike a bar shi. Ƙarfen kansa ba shi ke kawo ƙurji ba, ƙwayoyin cutar da ya toshe aka kasa wankewa su ne matsalar, shi ya sa wanda ya karye bayan an gama wanki ya fi sauƙi kan wanda ya karye tun farko a haƙori mai ruɓa a ƙasan saiwa. Ta Hajiya ratsawa muka yi ta gefe a zama na biyu, muka cike a na uku, na ce ta dawo bayan wata 6 da kuma shekara 1 a sake hoto a ga yadda ƙashin ke warkewa, kuma ta dawo duka biyun.