Kyaftin Sher Khan da yaƙin da ake yi da rabin numfashi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar 5 ga watan Yulin 1999, a kan tsaunukan Kargil da ke yankin Kashmir, ana cikin yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan, harsashin mashinga ya samu Kyaftin Karnal Sher Khan na rundunar sojan Pakistan, ya faɗi bai ƙara tashi ba. Shekarunsa 29. Kwana ɗaya kafin nan, Firayim Ministan ƙasarsa Nawaz Sharif ya gana da Shugaban Amurka Bill Clinton a birnin Washington, ya kuma amince a janye mayaƙa daga waɗannan duwatsu. Manya sun riga sun gama magana, amma yaran da ke can sama ba su daina mutuwa ba.

An haifi Sher Khan a 1970 a gundumar Swabi, arewa maso yammacin Pakistan. Kakansa ne ya raɗa masa suna Karnal, wato Kanar, saboda burin ya ga jikansa cikin kaki. Ya fara aiki a matsayin ƙaramin ma'aikaci a rundunar sojan sama, daga baya ya samu shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kakul, ya fito a 1994 aka tura shi bataliya ta 27 ta rundunar Sindh. Daga nan aka haɗa shi da bataliya ta 12 ta rundunar sojan ƙasa ta arewa, wadda galibin dakarunta 'ya'yan Gilgit da Baltistan ne, mutanen da aka haifa a gindin dutse.

Abin da aka yi faɗa a kansa hanya ce. Babban titin da ya tashi daga Srinagar zuwa Leh yana ratsa garuruwan Dras da Kargil, kuma ta nan Indiya ke kai abinci da makamai ga dakarunta na Ladakh. Duk wanda ya zauna a kan ƙololuwar da ke kallon titin da tabarau mai hangen nesa da rediyo, zai iya gaya wa masu igwa inda za su jefa harsashi. A hunturun farkon 1999 dakarun Pakistan suka tsallaka layin da ya raba Kashmir, suka hau wuraren da sojojin Indiya kan bari idan ƙanƙara ta yi yawa. Sai a farkon watan Mayu makiyaya suka hango su suka kai rahoto.

To, mene ne zama a tsayin mita 5,000? Iskar da mutum ke shaƙa a can ba ta ba jiki sai kusan rabin abin da take bayarwa a bakin teku. Shi ya sa ba a ɗaukar soja daga ƙasa a ɗora shi a sama kai tsaye. Ƙa'idar sojan Indiya ita ce kwana shida tsakanin mita 2,700 da 3,600, kwana huɗu har zuwa 4,500, sai wasu huɗu a sama da haka, jimilla makonni biyu. Wanda aka yi wa gaggawa, ciwon kai da amai ne ke fara kama shi. Idan abin ya ci gaba, ruwa ya taru a huhu: za ka ji tarinsa ya jiƙe, yana fitar da kumfa mai jaja-jaja, leɓɓansa sun yi shuɗi, ko a zaune yake yana haki. Wani kuma ƙwaƙwalwa ce ke kumbura, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, ya kasa gane abokansa. Akwai magunguna da ke sassautawa, amma maganin gaskiya ɗaya ne, a sauko da shi ƙasa nan take. A lokacin yaƙi kuwa, hanyar saukowar ita ce abokan gaba suka saita bindiga a kanta.

Ba a haƙa rami a kan irin wannan dutse. Duwatsu ake jerawa a yi 'yar ganuwa mai rufi, a bar ƙaramar kafa ta bakin bindiga. Ruwan sha ƙanƙara ce ake narkarwa a kan risho, kuma mutum na bukatar lita huɗu ko fiye a rana, domin busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi ba tare da ya ji ƙishirwa ba. Idan kananzir ya ƙare, ruwa ya ƙare. Idan kuma aka toshe ko'ina don gudun sanyi aka bar risho na ci, hayaƙin da ba a gani yana iya kashe mutane suna barci. Man bindiga yana daskarewa, don haka ake goge shi a bar ƙarfen kusan a bushe. Batirin rediyo a cikin riga ake ajiye shi, kusa da fata. Safa mai gumi da aka kwana da ita tana iya jawo a yanke yatsun ƙafa.

Mai hawa kuma wahalarsa ta fi. A fili, hafsoshi kan lissafa mahara uku ga mai tsaro ɗaya. A tsauni lissafin kan ninka har sau uku, saboda ƙunƙuntar hanya ba ta barin mutane su bazu, sai dai su bi juna ɗaya bayan ɗaya. Da dare ake hawa. Gwanayen hawa su wuce gaba su kafa ƙusoshi a jikin dutse su ɗaura igiya, saura su biyo da kaya a baya, taku kaɗan a tsaya a huta. Wajibi ne a isa kafin ketowar alfijir. Duk rukunin da gari ya waye masa a tsakiyar gangara, ya zama abin harbi. Igwa ma tana ruɗewa: a siririyar iska harsashi kan zarce inda lissafi ya nuna, kuma kuskuren 'yan mitoci ya isa ya tsallake ƙololuwa ya faɗa kwarin da ke baya. Saboda haka Indiya ta jawo manyan igwoginta na Bofors masu bakin milimita 155 kusa, ta riƙa harbin tungayen kai tsaye. Harsashin da ya fashe a kan dutse kuma yana mai da dutsen kansa makami.

A haka tungar Pakistan da ke kan tsaunin Tololing ta faɗa hannun Indiya ranar 13 ga Yuni, ta Tsaunin Tiger kuma ranar 4 ga Yuli. A nan ne ake gane matakin da Sher Khan ya ɗauka. Sojan da ya ƙwace tunga a tsauni ya fi rauni a sa'o'in farko: ya gaji, harsasansa sun yi ƙasa, bai gyara ganuwa ta fuskanci sabon ɓangare ba. Idan za a mayar da martani, lokacin ne. Jinkirin kwana ɗaya ya isa a kawo masa mashinga da ƙarin mutane. Sher Khan ya tattara 'yan mutanen da suka rage masa ya kai wa sojojin Indiya farmakin martani da rana tsaka, alhali ya fi kowa sanin abin da hasken rana ke nufi a wurin. Bayanan ɓangarorin biyu sun sha bamban kan wasu abubuwa, amma sun haɗu a kan cewa yana gaban mutanensa aka harbe shi.

Rauni a irin wannan wuri ba kamar rauni a ƙasa ba ne. Sanyi yana hana jini daskarewa a bakin ciwo, jirgi mai saukar ungulu ba ya iya ɗaukar nauyi sosai a wannan tsayi, kuma saukar da mutum ɗaya a kan makara yana cinye ƙarfin mutane da dama na tsawon sa'o'i.

Abin da ya biyo baya shi ne mai ɗaci. Gwamnatin Pakistan ta dage a lokacin cewa mayaƙan sa-kai ne a kan tsaunukan, ba sojojinta ba, don haka gawawwaki da yawa ba a karɓe su ba, sojojin Indiya ne suka yi musu sallah suka binne su a can. Kwamandan Indiya da ya fuskanci farmakin, Birgediya M.P.S. Bajwa, ya bayyana daga baya cewa ya rubuta 'yar takarda ya sa a aljihun Sher Khan, yana shaida jarumtarsa tare da neman ƙasarsa ta karrama shi. Hakki ne a kan duk hukumar da ta tura ɗan wani kan dutse ta amsa sunansa ranar da ya faɗi, kafin abokin gaba ya riga ta.

Kwana biyu bayan Sher Khan, ranar 7 ga Yuli, Saje Lalak Jan na bataliyarsu ya rasu, haka ma Kyaftin Vikram Batra na Indiya mai shekara 24. Indiya ta ce ta rasa soja 527 kafin a kawo ƙarshen faɗan ranar 26 ga Yuli. An mayar da gawar Sher Khan gida ta hannun ƙungiyar agaji ta Red Cross, aka ba shi lambar Nishan-e-Haider, mafi girma a sojan Pakistan, shi da Lalak Jan. An binne shi a ƙauyensu da ke Swabi, wanda yanzu ake kira da sunansa.