Rezin nawa mazubinka yake ci? Laccar wani mai sana'ar zubi ga matasan Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Ƙannena maza da mata, ku matso, akwai abin da zan nuna a kan teburin nan.

Ranar da na fara karɓar aikin teburin rezin, wato ruwan roban nan da ake zubawa a mazubi ya daskare, da ido na auna. Na gauraya, na zuba, saura kamar kaurin yatsa mazubin ya cika sai kofi ya ƙare. Kafin in samo wani a kasuwa washegari, na farkon ya daskare. Na ƙara a kai, layi ya fito a tsakiya ƙarara, mai aikin ya ƙi karɓa, kuma da gaskiyarsa. Kuɗin katako da na rezin duk a kaina suka ƙare. Shi ya sa da aka ce in yi muku magana yau, na zaɓi awo. Rezin ba siminti ba ne da za ka ce yaro ya kwaɓo ƙari. Da zarar ka haɗa shi da hadna, wato maganin da ke daskarar da shi, ba ya jiran kowa, abin da ya yi saura kuma ba ya kwana.

To, mu fara da mazubi mai kusurwa huɗu, wanda a shago muke ce wa mol. Ka auna cikinsa, kada ka auna bayansa. Tsawo sau faɗi sau zurfi, duka da santimita. Abin da ya fito shi ne mililita. Ga wannan tire: tsawo 25, faɗi 20, zurfin da nake so 1. Ya ba mu 500. Kun san mililita 500? Ledar ruwan sanyi guda da ake sayarwa a kasuwar Kejetia. Ku riƙe wannan a ka, domin zai taimaka wa idonku.

Mai da'ira kuma, a nan ake yawan faɗuwa. Ka auna faɗin bakinsa ka raba biyu. Wannan rabin ka ninka shi da kansa, sannan sau 3.14, sannan sau zurfi. Abin ɗora kofi mai faɗin santimita 10 da zurfi 1: 5 sau 5 sau 3.14, ya zama mililita 78.5. Wanda ya manta bai raba biyu ba zai samu 314. Ninki huɗu ke nan! Ya kwaɓa na mutum huɗu don aikin mutum ɗaya.

Na ga hannu a baya. Na'am, Hajiya?

Hajiya ta ce ita awarwaro da maƙalin makulli take zubawa, masu siffar fure da harafi, ina za ta sa abin awo? Hajiya, ba sai kin sa ba. Ki ɗora mazubin a kan sikelin kicin, ki mai da shi sifiri, ki cika da ruwa. Giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne, don haka lambar da sikeli ya nuna ita ce cikin mazubinki. Amma ina roƙonki, ki bar shi ya bushe ƙayau kafin ki zuba rezin. Ɗigon ruwa guda a lungu yana sa aikin ya yi hazo, wani nau'in ma har kumfa yake yi. Idan damina ce ko kina sauri, ki cika da busasshiyar shinkafa, ki juye a kofin awo, ki goge ƙurar. Bai kai ruwa daidaito ba, amma yana fitar da mutum.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Cika daban, nauyi daban. Rezin ɗin efoksi, wato irin wanda muke magana a kai, ya ɗan fi ruwa nauyi, mililita ɗaya yana kai wajen giram 1.1. Masu sayarwa kuma sau da yawa da kilo suke sayar mana. Kenan kilo ɗaya ba zai cika lita ɗaya ba, kaɗan zai haura mililita 900. Wannan ba sabon ilimi ba ne a garin nan. Mutanen Asante da garin zinariya suka yi ciniki, kowane ɗan kasuwa da sikelinsa da ƙananan ma'aunansa na tagulla. Maƙerin azurfa har gobe kakin da ya sassaƙa yake aunawa ya ninka, ya san ƙarfen da zai narkar. Mu ne muka zo muna kintace, alhali kayanmu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala.

Mu koma kan tirenmu na 500. Kullum ina ƙara kashi 10 cikin 100, saboda wanda zai maƙale a kofi da sandar juyawa. Ya zama 550. Idan rubutun jikin robar rezin ya ce ɗaya da ɗaya a cika, 275 rezin, 275 hadna. Idan biyu da ɗaya ce, ka raba jimlar gida uku, biyu rezin, ɗaya hadna. Sai dai ka karanta da kyau: da cika suka ce ko da nauyi? Hadna yawanci bai kai rezin nauyi ba, saboda haka ɗaya da ɗaya a kofi ba ɗaya da ɗaya ba ne a sikeli. Kuma kar wanda ya ƙara hadna a efoksi wai don ya bushe da wuri. Danƙo zai yi, ya ƙi ƙarfi har abada.

Idan za ka binne wani abu a ciki, tsakuwa ko wuri ko kwabo, ka jefa shi cikin kofin awo mai ruwa, iyakar tashin da ruwan ya yi ka cire daga lissafi. Katako kuwa sha yake yi. Ka shafa masa siririn rezin tukuna ya toshe ƙofofinsa, in ba haka ba da safe za ka tarar aikin ya lotsa.

Sai zurfi. Rezin yana fitar da zafi yayin daskarewa, gwargwadon kaurinsa gwargwadon zafin. Na taɓa ganin ragowar da aka bari a kofi tana hayaƙi har robar ta lanƙwashe. Da zafin Kumasi a watan Maris, mintocin da aka rubuta a jikin roba raguwa suke yi. Don haka ko lissafi ya ce lita uku, ba lallai ka kwaɓa su lokaci guda ba. Ka duba kaurin da nau'in naka yake ɗauka, ka zuba hawa-hawa, kowane hawa da nasa lissafin, ka ɗora na gaba tun na ƙasa yana da ɗan danƙo don su kama juna. Ku sa safar hannu, ku buɗe tagogi, don Allah.

Duk mazubin da kuka auna, ku rubuta lambarsa a gindinsa da alƙalamin maka. Ga nawa, kun gani, 80 na rubuta. Yanzu mutum biyu su fito, ɗaya ya riƙe sikeli, ɗaya ya kawo ruwa, mu auna na Hajiya kafin a kira la'asar.