Tokar da Wuta Ba Ta Ci: Lacca kan Baƙin Man Motocin Dizal na Zamani

An gabatar da wannan lacca ga kanikawa da direbobi a Sabon Garin Zariya. Daga faifan da aka naɗa aka rubuto ta, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, masu gareji, da yaranmu masu koyon aiki can baya, sannunku da zuwa.

Da murhu zan fara. Wanda ya taɓa hura itace ya san kunkunniyar gindin tukunya, ya kuma san tokar da ke kwanciya a ƙasa. Kunkunniya, in wuta ta yi ƙarfi, tana cinye ta. Toka kuwa ko itacen duniya ka ƙara tana nan, sai an kwashe.

To, a hanyar salansar motar dizal ta zamani akwai wata matata, DPF, Faransawa su ce FAP. Cikinta ƙananan ramuka ne kamar saƙar zuma, tana kama baƙin hayaƙi. Kamfanin Peugeot ya fara sa ta a motarsa samfurin 607 a shekarar 2000, kuma tun da dokar Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009, kusan duk ƙaramar motar dizal da ita take fitowa. Su ne yau ake sauke mana daga Kwatano. In ta cika, kwamfutar motar takan ƙara feshin mai, zafi ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Sai dai kowane inji, komai lafiyarsa, yana ɗan shan baƙin mai, a cikin man kuma akwai kalsiyam mai wanke datti, da zinki da fosfaras masu hana ƙarfe cin ƙarfe. In suka ƙone toka suke bari, ta je ta toshe ƙarshen ramukan nan.

Bara wani Alhaji ya kawo mini motarsa, fitilar gargaɗi ta kunna a dashbod, ko hawan gadar Kwangila da ƙyar take yi. Muka kwance matatar, na buga bakinta a kan kwali, sai ga gari ruwan toka yana zuba kamar an niƙa kanwa. Na ce, "Alhaji, wane mai ake maka juye da shi?" Ya ce 20W-50, na duro, mai kauri, wai zafin ƙasarmu sai shi. Mu kanikawa ne muka koya wa mutane wannan magana tun zamanin 504, ni ma a ciki.

Ga inda nake so ku riƙe. Lambar gaban galan, 5W-30 ko 5W-40, kauri kawai take faɗa, ba ruwanta da toka. Juya galan ɗin, nemi ACEA, wato ma'aunin mai na ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, a baya. In ka ga A3/B4, mai ne mai kyau, amma tokarsa daga kashi 1 take farawa, har 1.6 cikin ɗari. Ba na mota mai matata ba ne. Harafin C kake nema. C2 da C3 ba sa wuce 0.8, C1 da C4 kuwa 0.5.

Su ma ba a musanya su da ka. C3 ya fi C2 riƙe kauri in inji ya ɗau zafi, don haka injin da aka ƙera wa C3 kada a ba shi C2. Littafin mota shi ne alƙali, shi zai ba ka lambar man da kamfanin ya amince da shi: Volkswagen da Audi 507 00, Mercedes 229.51, BMW Longlife-04, Renault RN0720, yawancin Peugeot na wancan lokaci B71 2290. Na san 'yar Kwatano ba kasafai take zuwa da littafi ba. A duba da lambar shasi a waya, minti biyar ne. Kuma a duba hatimin murfin galan, jabu ya yi yawa.

Sai matsalarmu ta gida. A Turai farar wutar da ke cikin dizal ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Namu gas ɗin ya daɗe yana ɗauke da fiye da haka nesa ba kusa ba, farar wuta kuma tsami take haifarwa a cikin inji. Man da tokarsa ba ta da yawa sinadarin kashe tsaminsa kaɗan ne, yana saurin gajiya. Shawarata, a raba tazarar juyen da littafi ya ce gida biyu.

Kuma motar da ba ta wuce Tudun Wada zuwa PZ ba ta samun zafin da zai ƙone kunkunniya. Ƙonawar sai ta riƙa katsewa, gas ya gangara cikin baƙin mai. Ka zare geji, ka ga mai ya haura maimakon ya ragu, ka shinshina ka ji warin gas. A ɗan miƙa da ita hanyar Kaduna ko Kano lokaci-lokaci.

Wani daga baya ya tambaya: "Oga, in muka fasa matatar muka huta fa?"

Ana yi, na sani. Amma sai an taɓa kwamfuta, in ba haka ba fitilar dashbod ba za ta mutu ba. Hayaƙin kuma ɗan acaɓan da ke bayanka ne zai shaƙa, kuma tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar. Matatar Alhajin nan wanke ta muka sa aka yi, ta baya aka tura ruwa tokar ta fito, muka shanya ta sosai, muka mayar, muka zuba masa C3.