Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ƙofar Gidan Papineau, Montreal

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Hakimai da fadawan da suka rako Mai Martaba, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa mazauna Montreal ta ƙasar Kanada, barkanmu da ganin wannan rana.

Ranka ya daɗe, a madadin Hausawan wannan birni, na Najeriya da na Nijar, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, ina yi wa Sarki sannu da zuwa, sannu da hanya, sannu kuma da sanyi. Mun san ba ƙaramin abu ba ne a tsayar da uba a bakin titi, a ƙasar da iskarta ke ratsa babbar riga kamar ba a sa ta ba. A gafarce mu, ba za mu ja zance ba.

Da muke shawarar inda za mu fara kai Sarki, wasunmu sun ce dogayen benaye, wasu sun ce jami'a. Dattawanmu suka ce a'a, basarake gida yake fara tambaya, da mai gidan, da asalinsa. Shi ya sa muke tsaye a lamba 440, titin Bonsecours, cikin tsohon gari. Wannan shi ne gidan zuriyar Papineau, wanda mu da bakinmu bai saba da harafin farko ba muke kira Fafino.

An gina shi a 1785. A 1809 Joseph Papineau ya saye shi, mutumin da ke rubuta takardun ciniki da gado, yake kuma awon filaye, kuma yana cikin wakilan farko da suka tsaya kai da fata a majalisar dokokin wannan yanki, Quebec ta yau, cewa ba za a kori Faransanci daga zauren ba, ko da yake mulki na hannun Ingila. A 1814 gidan ya koma hannun ɗansa, Louis-Joseph, wanda ya zama shugaban majalisar dokokin yankin a 1815, ya riƙe kujerar wajen shekara ashirin. A zamaninsa ne, a 1832, majalisar ta ba Yahudawa cikakken 'yancin siyasa, tun kafin Ingila kanta ta yi haka.

Sarki ya dubi fuskar gidan da kyau. Ido zai ce dutse ne. Katako ne, ranka ya daɗe, aka sassaƙa shi aka shafe shi ya yi kama da sassaƙaƙƙen dutse, lokacin babban gyaran da maigidan ya yi a farkon shekarun 1830. Ashe son a fita kunya a idon maƙwabta ba mu kaɗai muka gada ba.

Louis-Joseph, mazaunin wannan gida, shi ya jagoranci koke guda 92 da majalisa ta aika Landan a 1834, tana neman a bar wakilan jama'a su riƙe baitulmali, a kuma daina naɗa 'yan majalisar sama ba tare da zaɓe ba. Sai a 1837 amsa ta zo, kuma ƙi ce. Mutanensa suka ƙaurace wa kayan Ingila, manyan wakilai suka shiga majalisa sanye da saƙin gida. Ranar 6 ga Nuwamba ta wannan shekara, 'yan bangar masu goyon bayan mulkin Ingila suka far wa gidan nan da jifa, iyalinsa na ciki. Ba a daɗe ba ya bar gari, ya tsallaka Amurka, daga can ya wuce Faransa, bai dawo ba sai 1845. Tawayen da ya biyo baya an murƙushe shi; an rataye mutum 12, an kori 58 zuwa Ostareliya.

Ba zan ɓoye wa Sarki ba, har gobe ana gardama a kansa. Wasu na cewa ya gudu ya bar talakawa da wuta, wasu na cewa tun farko shi da baki ya so a yi yaƙin. A ganina duka biyun da ƙamshin gaskiya. Amma sunansa ya shiga bakin mutane. Idan abu mai sauƙi ne, sai ɗan Quebec ya ce maka wannan ai ba sai da kan Papineau ba. Jikansa Henri Bourassa kuma shi ya kafa jaridar Le Devoir a 1910, tana fitowa har yau.

Gidan ya ga wulaƙanci daga baya: ya zama otal, ya zama gidan haya, ya lalace. Wani ɗan jarida mai sharhin kiɗa, Eric McLean, ya saye shi a farkon shekarun 1960, ya zuba aljihunsa ya mayar da shi kamanninsa na da, wasu suka gani suka bi sahu a unguwar. A 1968 gwamnatin Kanada ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Ranka ya daɗe, ga kukanmu. Masu Faransancin Quebec sun fi shekara 250 suna riƙe da harshensu a tsakiyar masu Ingilishi. Mu kuwa, 'ya'yanmu da aka haifa nan, ka gaishe su da Hausa su amsa maka da Faransanci. Muna tara su ranar Asabar muna koya musu, amma littattafanmu ba su taka kara sun karya ba. Muna roƙon Sarki, idan Allah ya mayar da shi gida lafiya, ya sa baki a aiko mana da littattafan karatu da na tatsuniya, na boko da na ajami.

Yaran na nan a bayan iyayensu mata, mako uku suna bitar yadda ake faɗuwa a gaida sarki. Idan Sarki ya yi izini, su matso su kwashi gaisuwa, ya sa musu albarka, sannan mu taka zuwa Kasuwar Bonsecours, ga ta can ƙarshen titi, mu fake wa iskar nan.

Allah ya ja zamanin Sarki. Wassalamu alaikum.